Libarbar Da Ta Ƙi Zama A Aljihun Sha'aban

Akwai wani bawan Allah a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad, sunansa Sha'aban. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji bai koma ba, don haka shi a can aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Larabci a kasuwa, Hausa a gida. Yana da shagon turare a kasuwar Batha, yana da rufin asiri, hannunsa kuma a sake yake.

Aibinsa ɗaya ne, zuciya. Sha'aban zai iya cire rigar jikinsa ya ba ka da safe, da azahar ya nemi shaƙe ka don ka ajiye mota a ƙofar shagonsa. In ya huce ya fi kowa nadama, amma kafin ya huce an ji jiki.

Mahaifinsa ya rasu ya bar masa libarba, tsohuwar bindigar hannu irin mai gangar harsashi da ke juyawa. Takardun izininta suna nan da sunansa, babu wata ƙumbiya-ƙumbiya. Matsalarta nauyi. Ranar da ya gwada sa ta a aljihun tob, farar jallabiyar nan tasu, sai rigar ta karkace gefe guda, yana tafiya kamar mai ɗingishi. Kafin ya kai mota ɗinkin aljihun ya farke. Tun daga ranar ta koma akwatinta na ƙarfe a cikin ɗaki.

Da abin ya tsaya nan da shi ke nan. Amma duk ƙarshen mako suna haɗuwa da abokai a wani gidan hutu a bayan gari, a sha gahawa a yi hira. A nan abokinsa Kamil ya zaro wata 'yar siririyar fistol sabuwa fil, ya juya ta a tafin hannu, ya mayar aljihu. Ko alamar tudu babu.

"Ya Sha'aban, ina taka?" in ji Kamil. "Ko sai mun yi hayar leburori su ɗauko mana ita?"

Aka fashe da dariya. Sha'aban ma ya yi, amma irin dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Bayan kwana kaɗan Kamil ya kira shi. Ya samo wani attajiri mai tara tsofaffin makamai, yana son libarbar. A yi canjin takardu bisa ƙa'ida, shi kuma Sha'aban ya mallaki mara nauyi irin ta Kamil.

Ya kawo maganar gida yana murna, sai matarsa Muhibba ta ajiye farantin da ke hannunta, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Dawuda, wa yake bin ka?"

"Babu."

"Ɓarayi sun taɓa shiga shagon?"

"Sai sun shiga zan shirya?"

"To me za ka yi da bindigar da za ta riƙa bin ka kasuwa, ta bi ka gidan biki, ta zauna da kai a cunkoson mota?"

"Wallahi kin fiye surutu, Muhibba. Ƙarfe ne fa, ƙarfe! Na sayar da mai nauyi na ɗauki mara nauyi, meye a ciki?"

Ta ce, "Ni ba ƙarfen nake tsoro ba. Na san mai aljihun."

Maganar nan ta ƙona masa rai ƙwarai, don ya san ba ƙarya ta yi ba. Ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, ya ce an mayar da shi yaro a gidansa. Ita kuwa ko a jikinta.

Haka aka yi ta ja. Yau ya ce ya fasa, gobe Kamil ya turo masa hoton sabuwar, hankalinsa ya sake tashi. Wani lokaci ya buɗe akwatin ya ɗauko libarbar, ya ga inda hannun mahaifinsa ya goge katakon mariƙin har ya yi sulɓi, sai jikinsa ya yi sanyi. Da ya ɗaga ta kuma ya ji nauyin, sai tsaki. Takaici ya ishe shi: a waje ana yi masa dariya, a gida an hana shi sakat, shi kansa ya kasa tsayawa kan magana ɗaya.

Wata safiya ya tashi ya ce, "Halas, na gama. Yau zan kai wa mutumin ya gani."

Muhibba ba ta yi gardama ba. Ta dai tsaya a kansa har ya kulle akwatin, ya sa shi can cikin but ɗin mota. Ya ɗora katan ɗin ruwan roba da kwalayen turaren shago a kai, ya ja mota yana ƙunƙuni.

Bai yi nisa ba. A wata mahaɗa kusa da asibiti danja ta tsayar da shi, rana ta fara zafi, Kamil sai kira yake. Sai ya hango wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta taho a guje daga gefe. Da idonsa ya ga direban ya kalle shi, ya murɗa sitiyari, ya nufo shi kai tsaye.

Ƙarar da aka ji har cikin shaguna. Ƙofar baya ta lotsa, gilashi ya tarwatse.

Sha'aban ya fito idonsa a rufe. Da gangan aka yi, ya gani! Hannunsa ya faɗa aljihu tun kafin ya yi tunani. Babu komai sai carbi.

Ya zagaya baya da sauri, ya buɗe but. Ya watsar da kwalayen turare, ya jawo katan ɗin ruwa gefe, ya kamo akwatin. Makulli ya ƙi shiga. Ya zagi makullin, ya zagi akwatin, ya zagi nauyinsa. Yana cikin kokawar nan sai ya ji ihun mace.

Ya ɗago kai. A tsakiyar titi, daidai inda motar kayan ta dosa da farko, wata mata ce ta durƙusa ta rungume tsohuwar da take turawa a keken marasa lafiya. Babu abin da ya same su. Mutane sun kewaye motar kayan suna kabbara.

Direban ya sauko da ƙyar, goshinsa yana jini. Moussa ne, wani dattijo mutumin Maraɗi da ke tuƙa wa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, mota yana rarraba kaya a shagunan unguwa. Ya san Sha'aban a masallaci. Ya tako yana tangaɗi har bakin but ɗin.

"Alhaji, ka yahe mini," ya ce. "Birki ya ƙi. Ko matan ga, ko motarka. Na ce ƙarhe ana gyara shi."

Sha'aban ya sunkuyar da kai. Hannunsa yana kan akwatin har yanzu.

Moussa ya dubi katan ɗin da aka jawo gefe, sai idonsa ya cika da hawaye.

"Allahu akbar. Na ɓata maka mota, kai kuma ka rugo ɗauko mini ruwa? Allah shi jiƙan mahaifanka, Alhaji. Sun haihi ɗa na kirki."

Kunya irin wannan Sha'aban bai taɓa jin ta ba. Ya zare hannunsa daga akwatin a hankali, ya ciro robar ruwa, ya buɗe, ya wanke wa dattijon goshi. Ya rufe but ɗin, ya zauna a bakin titi kusa da shi.

Wayarsa ta sake ƙara. Kamil ne.

"Ya shehi, kana ina? Mutumin nan yana jira fa."

"Ka ba shi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce," in ji Sha'aban. "Kamil, da irin taka ce a aljihuna yau, da yanzu na kashe mutumin da yake yi wa iyayena addu'a."

Darasi: Ba duk abin da ya yi maka nauyi ne cikas ba, wani Allah ya sa shi ne tsakaninka da nadamar har abada. Wanda ya san yana da saurin fushi, ya nisanta hannunsa da abin cutarwa, kuma ya saurari na gida da suka san halinsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wancan mai zafin ran da kuka tuna yanzu kuna karantawa.