Giɓin Malam Tanimu

A wani zamani mai tsawo, tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, an yi wani sarki a ƙasar Gwalmadi ana ce masa Sarki Barmo, wanda Allah ya ba shi ɗa guda ɗaya tak, Yarima Kailani. Ranar sunan yaron sarki ya sa aka sare wata tsohuwar tsamiya don a faɗaɗa fada, ashe gidan wani aljani ce. Aljanin ya fusata, ya zare numfashin jaririn ya ɗura a cikin wani akwatin kiɗa na tagulla, irin wanda in an wana shi yake kiɗa da kansa, ya ce, "Muddin akwatin nan yana kiɗa daidai, ɗanka yana numfashi. Ranar da kiɗan ya ɓaci, zan zo in ɗauki abina."

Shekara ashirin da biyar mutum ɗaya ke kula da akwatin, Malam Tanimu mai gyaran akwatunan kiɗa, wani siririn tsoho marar yawan magana, wanda ba a taɓa ganin yatsunsa babu maiƙo ba. To, rai ya yi halinsa. Ba a yi sadakar arba'in ba akwatin ya soma sarƙewa, Yarima ya faɗi yana kakari. Bokaye suka zo suka cika fada da hayaƙi, suka karɓi raguna, suka tafi, kamar yadda suka saba.

Sai aka kirawo Tabawa, 'yar marigayin, wadda ta girma a gefen tabarmar aikinsa. Ta zo rungume da jakar kayan ubanta, idonta bai bushe ba tukuna. Sarki ya ce, "Ya ke 'yar Tanimu, ubanki ya riƙe mini ran ɗana tsawon shekaru. Yau ba sarki ke miki magana ba, uba ne yake roƙonki."

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ban kai Baba ba, amma na daɗe ina kallon hannunsa."

Ta buɗe akwatin. A ciki akwai wata 'yar ganga mai ƙananan haƙora, tana juyawa haƙoran suna taɓa matajin ƙarfe, kiɗa yana fita. Ta goge tsatsa, ta ɗiga mai, ta miƙe haƙoran da suka lanƙwashe. Can sai ta ga giɓi, wurin haƙori ɗaya babu komai. Ta yi murna ta gano cutar, ta ƙera sabo ta liƙa da dalma, ta wana akwatin. Kiɗa ya kwararo mai daɗi, babu tsayawa ko kaɗan, fadawa suka fara kirari.

Amma ƙirjin Yarima sai lotsawa yake yi, iska tana fita ba ta komawa, leɓɓansa suka yi baƙi. Uwarsa ta ƙwalla ƙara. Sai ga aljanin tsaye a bakin zaure, kansa yana taɓa rufi, yana cewa, "Na zo."

Hankalin Tabawa ya tashi matuƙa, ta fashe da kuka ta ce, "Wayyo Baba, me ka tafi da shi ba ka faɗa mini ba?"

Ai kuwa ya faɗa mata, ita ce ba ta saurara ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta taɓa cike irin wannan giɓin a akwatin wani bafatake, ta kai wa ubanta tana taƙama. Ya saurara, ya ɗauki awartaki ya karya haƙorin da ta liƙa, ya ce, "Tabawa, wanda ya yi waƙar nan mai rai ne, nan ne wurin da yake jan numfashi." Kwana uku ta yi tana fushi da shi, ba ta kuma tambaya ba.

Yanzu da maganar ta faɗo mata a rai, sai ta wawuri awartakin uban. Waziri ya daka tsawa, "Ku riƙe ta, za ta ƙarasa Yarima!" Dogarai suka zaburo, sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar 'yar Tanimu." Ta kama haƙorin da ta ƙera da hannunta, ta ɓalle shi.

Ganga ta juyo, ta iso giɓin, akwatin ya yi shiru na ƙiftawar ido. Cikin wannan shirun Yarima ya ja dogon numfashi, har na bayan zaure suka ji.

Aljanin ya dube ta ya ce, "Na zaci sirrin nan ya shiga ƙasa tare da Tanimu. In gadonsa ake yi, jirana ba shi da rana." Ya hura akwatin, numfashin Yarima ya koma jikinsa gaba ɗaya, shi kuma ya ɓace, ba a sake ganinsa ba.

Shekara na zagayowa Yarima ya nemi auren Tabawa, ta amince, amma ta roƙi abu guda: makaɗan biki su riƙa barin bugu ɗaya babu sauti. Aka yi kwana bakwai ana kiɗa a Gwalmadi, baƙi suna ta gunaguni wai makaɗan sarki ba su iya ba. Duk sanda kiɗan ya ɗauke, amarya sai ta sunkuyar da kai hawaye ya zubo. Yarima ya tambaye ta dalili, ta ce, "Ranka ya daɗe, nan ne wurin Baba."