Gefen Da Ke Bin Bango

Ya 'yan uwa, a cikin garin nan na Katsina an yi wani mutum, a shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma ba tonon asiri ya tara mu ba. Gidansa dai yana wajen Ƙofar Sauri. Yana da wata jar mota 'yar Kwatano, gajeruwa mai faɗin taya, wadda in ta taso sai ka ji gurnaninta kafin ka gan ta.

Ni abin da ya fara ɗaure mini kai game da mutumin nan ba gudunsa ba ne. Yadda yake ajiye mota ne. Duk inda ya je, masallaci ko kasuwa ko gidan suna, sai ya nemi bango ya manna mata gefen dama. In bangon yana ɗaya hannun, sai ya wuce, ya zagayo ta wani lungu, ya dawo. In babu bango, ya nemi gindin dalbejiya ko jikin wata babbar mota. Na sha tsayawa ina kallonsa ina tambayar kaina: wannan bawan Allah me yake ɓoyewa? Sai daga baya na sani, kuma da ma ban sani ta hanyar da na sani ba.

Ku tuna yadda lokacin yake. Siyasa ta dawo, kowane bango ya sha fasta, kowace unguwa ta yi majalisa. Wanda jiya kuke shan shayi tare, yau an ce shi ne kansila. A unguwarsu akwai majalisar wani Alhaji Audu, mutumin da ake cewa yana da baki a jam'iyya. Duk mai neman a tuna da shi, can yake zuwa bayan La'asar ya shimfiɗa babbar riga a kan tabarma. Mutuminmu ba shi da muƙami, ba shi da wata babbar sana'a. Motar nan ita ce shaidarsa. In ya tsaya, sai matasa su taso su zagaye ta, manya su ce, "Kai, Alhaji, wagga mota taka ba dama." Wannan kalmar ita yake kwana da ita, ita yake tashi da ita.

To, taya ba ta san siyasa ba. Tayoyin da motar ta zo da su sun ci kwalta a can ƙasarsu, sun zo nan sun ci zafin Katsina. Duka huɗun suka suɗe. Zanensu ya shafe, ta baya a dama har waya ta fara leƙowa.

Kada ku ɗauka jahili ne. Wallahi mutumin nan ya san taya. Mutum ne mai son bin diddigi, ba ya sayen abu sai ya juya shi ciki da bai. Ya zagaya masu taya na garin nan, ya je har Kano. Ya san abin da lambobin jikin taya suke nufi. Ya san wadda aka yi don ƙasar sanyi, mai laushin da kwaltarmu ke cinyewa, ya san wadda ke jure gudu, ya san wadda ke riƙe hanya in an yi ruwa. Yakan sa farce a cikin zane ya auna zurfinsa, ya duba shekarar da aka ƙera ta. Da ilimi kaɗai yana tsirar da mutum, da ba ku ji labarin nan ba.

A ƙarshe ya tsaya a shagon wani mai taya ana kiransa Dabo, abu biyu a gabansa. Ƙarfinsa zai kai ga tayoyi huɗu sababbi na gama-gari, masu ƙwari, marasa ado, irin waɗanda ba mai waiwayowa ya kalla. Ko kuma guda biyu rak irin na ainihin motar, masu faɗi, masu zane kamar an yi musu kitso. Ya shafa waɗannan, ya shafa waɗancan. Ya ce a ba shi biyun.

Dabo ya ɗauko jak ya ce, "Alhaji, gaba za a sa su ko baya?"

Ya ce, "Gefen direba za ka sa su, ɗaya gaba ɗaya baya."

Dabo ya dube shi ya ce, "Alhaji, ba haka aka saba ba, kai ma ka sani."

Ya ce, "Na sani. Kwana biyu ne, in an ba mu aiki sai in sake sauran."

Dabo ya ce, "To, motakka ce." Ya durƙusa ya kama kwance noti.

Ya 'yan uwa, me ya sa gefen direba? Saboda nan ne gefen da ake gani. Nan yake fitowa, nan ake zuwa a gaishe shi ta taga, nan yake juya wa majalisar Alhaji Audu. Ɗaya gefen kuwa na bango ne. Bango ba ya magana, ba ya zaɓe, ba ya raba kwangila.

Amma akwai mai zama a wancan gefen.

Mahaifiyarsa, Hajiya Furera, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai wannan". Duk ranar Juma'a bayan an sauko, yakan kai ta Rimi ta duba yayanta Malam Yahaya, wanda ya daɗe a kwance. Kuma don girmamawa, ba ya barinta ta zauna ko'ina sai kujerar baya ta dama, inda manya ke zama. Da hannunsa yake buɗe mata ƙofa, ya gyara mata mayafi kada murfin ya datse shi. Mutane suna gani suna cewa Allah ya ba mu ɗa irin wannan. Tsohuwa tana zaune daidai kan tayar da waya ta leƙo, kuma shi ya sani.

Ita ma ta lura da wani abu, ko da yake ba ta san taya ba. Wata rana ya sauke ta a tsakiyar layi kamar yadda ya saba, don ya samu ya manna motar da bango. Ta tsaya tana dogara sanda tana kallonsa, ta ce, "Kai wannan, mi ya sa kullum sai ka goga ta da bango, kamar akuya mai ƙaiƙayi?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, 'yan acaɓa nike gudu, kada su ƙwarzane ta."

Ta ce, "To, Allah shi tsare."

Ku ji fa. Ƙarya ta farko ya yi wa jama'a da taya, ta biyu ya yi wa uwarsa da baki. Kuma kowace Juma'a in suka dawo lafiya, sai zuciyarsa ta ce masa: ka gani, ba abin da ya faru. Haka Shaiɗan yake yi wa mutum, ba ya tura shi gaba ɗaya, sai dai ya riƙa nuna masa cewa jiya ma an wuce lafiya.

Aikin da yake jira bai zo ba. Kwana biyun da ya ce wa Dabo suka zama watanni, bazara ta kai ƙarshe, kwalta tana tururi da rana tsaka. Wata Juma'a ya ɗauki tsohuwa suka kama hanyar Kano. Sun fita gari kenan sai ya hango wata farar mota a gabansa tana tafiya a hankali. Ya gane ta. Alhaji Audu ne da mutanen majalisa, za su wani ɗaurin aure.

A nan lissafinsa ya rikice. In ya bi bayansu sannu sannu, gobe a majalisa za a ce jar motar nan ashe baki ne kawai, ta kasa wuce tsohuwar motar Alhaji. In kuma zai wuce su, ta hagu ake wucewa, ke nan gefen damansa ne zai bi ta gaban idonsu, kuma babu bango a hanyar Kano. Sai ya ga mafita ɗaya ce: ya wuce su da gudun da ba wanda zai iya ganin komai.

Ina tambayarku, taya tana juyawa a kan hanya, wa ke iya ganin zanenta? Ko a hankali ya wuce, ba wanda zai gani. Mutumin da ya san lambar kowace taya ya manta da wannan, don tsoron idon mutane ya riga ya cika masa kai.

Ya taka mai. Tsohuwa ta ce, "Kai wannan, yi a hankali." Ya ce, "Yanzu, Inna." Yana daidai da farar motar, tayar baya ta dama ta fashe. Motar ta yi wutsiya, sitiyari ya ƙwace, ta bar kwalta ta yi ta juyawa cikin gona.

Mutanen da ya ji tsoron idonsu, su suka fasa ƙofa suka ciro shi. Ya karye a hannu, ya ƙuje a fuska, shi ke nan. Tsohuwa kuwa, gefenta ne ya fara dukan ƙasa. Alhaji Audu ya sa ta a motarsa ya juyo da ita asibiti. Waɗanda suke tare da ita sun ce sau ɗaya ta buɗe ido a hanya. Ba ta tambayi inda take ba, ba ta ce wani wuri yana mata ciwo ba. Ko a lokacin kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba, sai ta ce, "Mai motar fa, ya tashi?" Aka ce mata ya tashi. Ta ce alhamdu lillahi. Kafin su shigo gari ta cika.

Washegari aka sa janwe ta jawo motar zuwa ƙofar gidansa. Masu janwe ba su san al'adar motar nan ba. Suka sauke ta yadda ta zo musu, gefen direba a jikin bango, gefen dama yana kallon titi. Shi yana cikin zaure da hannu a ɗaure, yana karɓar gaisuwa, ba shi da bakin cewa a juya ta. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya bi ta gabanta. Ta gaba a suɗe kamar tafin hannu, ta baya a yage, wayoyi a tsaye. Mai son sani ya leƙa ta jikin bango, ya ga sababbi biyu ko ƙwarzane babu. A ranar ni ma na samu amsar tambayata. Kowa ya shiga ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba da haƙuri," ya fito ya sake kallon tayoyin ya wuce.

Bai sake zuwa majalisa ba. Bai sake riƙe sitiyari ba. Bayan an share makoki ya bar unguwar, har yau ban ji wanda ya ce ya san inda ya koma ba.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce malam ya musanta ƙaddara. Ajalin Hajiya Furera ba zai wuce ranar ba, wannan mun yi imani. Amma ajali na Allah ne, amana kuwa a hannun ɗanta aka sa ta, kuma a kanta za a tambaye shi. Ya san daidai, yana da ikon yin daidai, ya zaɓi a ce masa ba dama. Wannan ita ce riya. Mun ɗauka a salla da sadaka kawai take shiga, ashe tana bin mutum har shagon mai taya.

Kowannenmu ya duba kansa. Wane gefe kake gyarawa, wane gefe kake manna wa bango? Kuma wa ka zaunar a wancan gefen? Yawanci ba baƙo ba ne. Matarka ce, ko 'ya'yanka, ko tsohuwar da ta yarda da kai har ba ta duba abin da ka ɗora ta a kai.

Allah ya jiƙan Hajiya Furera, ya yafe wa ɗanta in ya tuba. Allah ya gyara mana ɓoyenmu fiye da bayyanenmu. Allah ya kiyaye mu daga jin tsoron idon mutane fiye da tsoronsa, kada ya sa waɗanda suka amince da mu su cutu ta hannunmu. Amin.