Saƙon da Sadisu Ya Goge

Akwai wani ɗan Maraɗi mai suna Sadisu da ke zaune a Belleville, cikin birnin Paris. Da rana injiniyan kwamfuta ne. Idan ya taso daga aiki kuwa, sai ya zauna a teburinsa yana fentin 'yan sojojin roba, irin waɗanda ake jerawa a kan tebur ana buga wasan yaƙi da su. Kowane ɗaya bai kai tsawon babban yatsa ba, amma sai an yi masa ido, an yi masa gemu, har tsatsa sai an sa masa a bakin takobi.

Kada in ci haƙƙinsa, Sadisu ya iya. Idan ka ga aikinsa sai ka rantse sojan zai yi tari. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma yana so kowa ya kwana ya tashi da sanin haka.

Shi ya buɗe zauren WhatsApp na Hausawan Faransa masu wannan sha'awa. Ba su kai arba'in ba, 'yan Nijar da 'yan Najeriya. Shi ne admin, shi ne alƙali, shi ne mai bulala.

Wata rana aka saka wata sabuwa a zauren, sunanta Sa'ida, 'yar Tawa ce da ke aikin jinya a Lyon. Ta fara fenti ne don ta riƙa samun natsuwa bayan wahalar asibiti. Ta yi sallama, ta gaida kowa, sannan ta turo hoton sojanta na farko.

Gaskiya hoton bai yi kyau ba. Ta ɗauka da filashi, sojan ya fito yana ƙyalli kamar an tsoma shi a mai. Fentin ya yi kauri har ya toshe masa idanu.

"Malam Sadisu, an ce kai ne gwani," in ji ta. "Don Allah mi zan gyara?"

Amsar mai sauƙi ce. Ta wanke sojan da sabulu kafin ta fara, ta fesa masa fentin shimfiɗa sama-sama daga ɗan nesa, ta riƙa sirka fentinta da ɗigon ruwa tana shafawa sau biyu, hoto kuma ta ɗauka kusa da taga ba filashi. Layi huɗu ya ishe shi.

Amma ga abin da ya rubuta: "Wannan soja ne ko ƙullin ƙosai? Franchement, tsakani da Allah, ki koma ga allura, ki bar buroshi ga masu shi."

Wasu suka yi dariya. Wasu suka yi shiru, irin shirun masu tsoron kada bulalar ta juyo kansu. Sa'ida ta ce, "Na gode," ba ta ƙara ba.

Ba ta daina ba. Ta riƙa karatu, tana gwadawa, tana ɓatawa, tana sakewa. Bayan wata huɗu ta gama rundunarta ta farko, soja goma. Abin da ya rage shi ne verni, wato ruwan nan marar launi da ake fesawa a ƙarshe don ya kare fenti daga gogewa. Ta fita baranda da safe, ana yayyafi, ta fesa.

Kafin minti biyar sojojin duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu garin tuwo.

Hankalinta ya tashi. Ta turo hoto zauren, ta ce, "Jama'a ku taimake ni, aikin wata huɗu ne. Akwai magani?"

Sadisu bai san maganin ba. Shi tun da ya fara, da injin feshi yake aiki a ɗakinsa mai ɗumi, bai taɓa riƙe gwangwanin feshi a baranda ba. To amma mutum irin Sadisu ya ce "ban sani ba"? Ina! Sai ya ɗauki hoton sojojin nata, ya ɗora a shafinsa inda Turawa ma ke bibiyarsa, da sunanta a ƙasa, ya rubuta: "Sojojin fatalwa daga Lyon."

Wannan abu ya yi wa Sa'ida ciwo ƙwarai. Har wata abokiyar aikinta sai da ta nuna mata hoton tana dariya.

Sati biyu ta yi tana gwaji a kan sojojinta ɗaya bayan ɗaya. Uku suka lalace gaba ɗaya. A na huɗu ta gano hanya. Ta zauna ta rubuta saƙo mai tsawo, da hotuna mataki-mataki, ta tura zauren don kada wani ya sha irin wahalar da ta sha.

Sadisu yana cikin metiro lokacin da saƙon ya shigo. Ko karantawa bai yi ba. Ya ga suna, ya ga tsawo, ya danna gogewa.

"Nan ba makarantar reno ba ce," ya rubuta. "Débutante, 'yar koyo, ba ta koyar da mu a nan."

Ya fitar da ita daga zauren.

Watan Disamba ya kama. Akwai babbar gasar fenti da ake yi a wani zaure a Lyon, kuma wata shida Sadisu ya yi yana shirya mata. Rukunin da zai shiga yana da doka: soja tara da shugabansu, goma cif, a miƙa kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Lahadi. Shugaban shi ne abin alfaharinsa, wani tsohon janar mai tabo a kumatu. Fuskar kaɗai sati uku ta ci masa.

Ya riga ya cika wa zauren baki cewa kofin nasa ne. Saboda son a ce babu kamarsa, ya ci gaba da ƙara wannan yana gyara wancan har lokacin jirgi ya yi, bai sa verni ba. Ya sayi gwangwanin verni ɗaya a hanyar tasha, ya ce ai a can ma ya fesa.

A Lyon ya sauka wajen abokinsa Abdou, ɗan Damagaram, wanda shi ma yana cikin zauren. Da safiyar Lahadi, ƙarfe takwas, Sadisu ya jera sojojinsa a kan kwali zai fesa a falo.

"A'a, mon frère, ɗan'uwana," in ji Abdou. "Ka san ƙirjina ba ya son warin nan. Hita baranda."

Gari ya yi sanyi, hazo ya taso daga kogi har ba a ganin gidan da ke tsallaken titi. Sadisu ya fita, ya ɗan girgiza gwangwanin sau uku, ya fesa wa duka goman a tashi ɗaya. Bai ma gwada a kan wani abu daban ba tukuna.

Ya shiga ya zuba shayi. Da ya dawo, kofin ya kusa faɗuwa daga hannunsa.

Fari. Duka goman. Jar alkyabbar janar ta koma ruwan toka, tabon kumatu ya ɓace.

"Innalillahi!" in ji shi. "Abdou! Zo ka gani! C'est pas possible! Ba zai yiwu ba!"

Abdou ya leƙo, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, "Ba wannan ne ya samu yarinyar nan ba? Sa'ida?"

"Kada ka kawo mini sunanta."

"Ta rubuta maganin ai. Ban kai ga karantawa ba ka goge. Amma tana nan garin, ita ke riƙe da teburin masu koyo a wajen gasar. Ina da lambarta. Mu kira ta."

"Ni? In kira wannan? Wadda ba ta san bambancin soja da ƙosai ba?"

"To ƙosan nata dai ta warkar da su."

Sadisu ya harare shi. Ya ɗauki waya ya shiga intanet. Wannan ya ce a shafa man zaitun, wancan ya ce a busa da na'urar busar da gashi, wani ya ce a sake fesawa, wani ya ce a goge da alkol, ruwan nan na wanke ciwo. Shagunan kayan fenti kuma duk a rufe, ranar Lahadi ce.

"Sadisu, ƙarfe tara ta yi. Kira ɗaya ne."

"Na ce maka a'a!"

Ya ɗauko alkol da auduga a banɗakin Abdou. Da wa zai fara? Da janar, tunda shi ya fi damunsa. Ya goga sau ɗaya, farin ya ɗan ragu. Ransa ya yi sanyi. Ya ƙara gogawa da ƙarfi.

Da ya ɗaga audugar, sai ya ga launin fata a jikinta. Ido, gira, tabo, duk sun biyo auduga. Inda fuska take, babu komai sai baƙin fentin shimfiɗa.

Ya zauna a ƙasa. Abdou ya je ya ɗauko rigar sanyinsa, ya ce su tafi wajen Sa'ida.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura suka isa zauren gasar. Can gefe, nesa da akwatunan gilashi na gwanaye, ga wani dogon tebur da mutane suka zagaye. Wata mata mai shuɗin mayafi tana nuna musu yadda ake ɗaukar hoto. Ta lanƙwasa farar takarda a jikin kwali, ta ajiye soja a kai, ta jingina waya da kofi don kada hannu ya yi rawa.

"Ku kashe filashi," take cewa. "Hasken taga ya ishe ku."

Abdou ya yi sallama, suka gaisa. Ya ce, "Malama Sa'ida, ga Sadisu."

Murmushinta ya ɗauke. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Admin da kansa," in ji ta. "Ka yi ɓatan hanya. Nan makarantar reno ce."

Sadisu ya buɗe akwatin sojojinsa ya tura gabanta.

Ta kalli sojojin. "Ah. Fatalwa daga Paris."

"Ki yi haƙuri. Na yi kuskure."

"Ka yi kuskure, ko kana da buƙata? Ba ɗaya ba ne. Ka san har wajen aikina hoton nan ya kai? Ina ba marar lahiya magani, ana nuna ni ana dariya. Mi na yi maka? Tambaya kawai na yi."

Mutanen teburin suka zuba masa ido. Sadisu ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Kunya irin wannan bai taɓa jin ta ba.

Sa'ida ta ja dogon numfashi. Ta buɗe jakarta, ta fito da wata 'yar kwalba.

"Ba don kai ba," in ji ta. "Don aikin. Na san abin da wata shida ke nufi."

Verni ne mai sheƙi, na shafawa da buroshi. Ta ɗauki soja ɗaya ta shafa masa siriri. Nan take farin ya narke, launi ya dawo kamar ba a taɓa yin komai ba.

"Danshi ne ya shiga ƙarƙashin na farko. Wannan yana cike shi. In ya bushe, ka bi da marar sheƙi, shi ma da buroshi. Ungo. Yi sauran da hannunka, ni ba 'yar aikinka ba ce."

Ya zauna a kujerar masu koyo, tsakanin wata tsohuwar Baturiya da wani ɗalibi, yana shafawa. Soja tara suka dawo da ransu. Sannan ya ciro janar daga cikin tsumma.

"Wannan fa?"

Ta juya shi a hasken taga. "Wannan ba verni ya ci shi ba. Hannunka ne. Ƙarfe nawa abin ya faru?"

"Takwas."

"Da ka kira ni ƙarfe takwas, da yanzu yana cikin gilashi."

Ta buɗe wayarta ta miƙa masa. Saƙon nan ne da ya goge, tana da shi a ajiye. Layin farko, da manyan baƙaƙe: KOMAI TASHIN HANKALINKA, KADA KA GOGA.

Sadisu ya karanta, ya sake karantawa. Aka sanar a lasifika cewa saura minti goma a rufe karɓa. Soja tara ba su cika doka ba, fuskar sati uku kuma ba ta dawowa a minti goma. Ya rufe akwatinsa.

"Tsaya," in ji Sa'ida. Ta ɗora janar a kan farar takardarta, ta ɗauki hotonsa. "Zan riƙa nuna wa masu koyo, su ga abin da gogewa ke yi. Kwantar da hankalinka, ba zan sa sunanka ba. Ni ba haka nake ba."

Wannan magana ta fi rashin kofin yi masa zafi.

A cikin jirgin komawa Paris, ya tura hoton janar zauren da kansa, ya rubuta sunansa a ƙasa, ya faɗi duk yadda aka yi. Sannan ya roƙi Sa'ida ta dawo.

Ta turo wa Abdou saƙon nan da aka goge, ta ce ya saka don masu koyo su amfana. Ita kam ba ta koma zauren ba. Janar kuwa yana nan kan teburin Sadisu a Belleville, har yau bai sake yi masa fuska ba.

Darasi: Kada ka raina mai koyo. Wanda ya faɗi ya tashi ya san abin da kai da ba ka taɓa faɗuwa ba ba ka sani ba. Idan aka tambaye ka, ka amsa da mutunci, idan ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, idan kuma ka shiga matsala ka nemi taimako tun da sauran lokaci. Girman kai na awa uku ya cinye wa Sadisu aikin wata shida. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu riƙe da zaure, ko wani zai tsaya ya karanta kafin ya goge.