Takardar Barira da Zangarniyar Jigawa

An ce wata shekara Shugaban wata kwalejin koyon aikin gona, Dokta Shu'aibu, ya zauna tace masu neman shiga. Al'adarsa ya jera sunaye bisa maki, ya ja jan layi, duk wanda ya faɗo ƙasa sai baɗi. Wata yarinya Barira ta faɗo ƙasan layin da maki uku kacal. Ga shi makarantar ƙauyensu ta shekara uku ba malamin kimiyya, ita ta koya wa kanta da wani yagaggen littafi, har tana koya wa 'yan ajinsu.

Magatakardar kwalejin, Hajiya Tasalla, tsohuwa mai baki kamar reza, ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta Gwadabe."

Ya ce, "Wane ne kuma Gwadabe?"

Ta ce, "Wani manomi ne. In zai ware iri, sai ya zaɓi manyan zangarniyoyin gonar bayan gida, inda taki ya yi yawa. Ran nan gwaggonsa ta kawo masa wata 'yar zangarniya daga jigawa, inda ko ciyawa da ƙyar take fita. Ya tuntsire da dariya. Gwaggo ta ce, 'Yi dariyarka, ɗan nan, haka mai sayen jaki ya yi.' Ya ce, 'Yaya ya yi, Gwaggo?'

"Ta ce, 'Tsayawa ya yi bakin kasuwa, ya ce jakin da ya riga isowa shi ne mai ƙarfi. Ya saye shi, ya raina wanda ya iso daga baya jiƙe da gumi. Ashe na farkon daga bayan kasuwa ya fito, na biyun kuwa tafiyar yini ya yi da mangalar gishiri. Wanda bai tambayi mafarin tafiya ba, ina ya san mai sauri?'

"Sai Gwadabe ya shuka 'yar zangarniyar. Shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, ita kaɗai ta kai rumbu. To, ranka ya daɗe, maki ya gaya maka inda yarinyar nan ta iso, bai gaya maka inda ta taso ba."

Shugaba ya yi murmushi ya ce, "Wallahi kin kama ni, Hajiya, kuma na ji daɗi. A kira ta ran Litinin, da duk masu irin halinta. Ni da kaina zan yi mata tambayoyi, in ta amsa kujera tata ce."

Hajiya Tasalla ta tattara takardu tana dariya, ta ce, "In ta amsa? Kai dai ka je ka yi bita."