Tukunyar Filaskon Ɓaidu

A zamanin da giwaye ke kiwo inda kasuwarmu take yanzu, an yi wani maharbi wai shi Ɓaidu, kakan kakana. Ɓaidu gagara-ƙaya, mai sa kura zazzaɓi! Faɗin ƙirjin nan nawa, gadonsa ne.

Fari ya kori jama'arsa daga arewa, Ɓaidu ya ja su kudu neman ruwa. Cikinsu akwai Jatau, maharbi shi ma, wanda kullum jira yake Ɓaidu ya gaza ya karɓe jagoranci.

Suka iso wani gangare mai duwatsu, filasko ya lulluɓe shi da fure rawaya. Al'adar maharban lokacin, duk sabuwar ƙasar da aka shiga, shugaba zai tauna ganyenta don ta san shi. Ganye ɗaya fa. Ɓaidu ya ce a dafa masa tukunya guda.

Yayarsa Tabawa ta ce, "Kai Ɓaidu, filasko ne fa, mai wanke ciki!"

"Haba Yaya, cikin da ya narkar da ƙahon ɓauna?" Ya shanye, ya lashe ludayi.

Ba a yi nisa ba cikinsa ya yi tsawa, har zabi suka tashi daga daji. Ya san in Jatau ya gane, jama'a sun bar shi kenan. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata! Iskokin dutsen nan na kirana shawara." Ya ruga bayan dutse.

Ya dawo, ya koma. Ya dawo, ya sake komawa.

Jatau ya ce, "Sarkin baka, wace irin shawara ce ba ta ƙarewa?"

Ɓaidu, gumi sharkaf, ya ce, "Sun ce nan za mu zauna."

"To in gaskiya ne, su ba mu ruwa."

Nan take aka sake kiran Ɓaidu, ya ruga bayan dutse. Can a tsugune ya damƙi wata saiwa, ya yi nishi, ya fizge ta. Dutse ya mirgine, ruwa ya ɓulɓulo! Jatau ya zube yana neman gafara.

Tabawa ta toshe baki da gefen zane. Abu ɗaya ta roƙa: in za a haƙa rijiya, a haƙa ta can sama, nesa da wurin shawarar.

Rijiyar na nan a Gangaren Ɓaidu, ba ta taɓa ƙafewa ba. Kuma har gobe, in ka ga dattijon garinmu ya ɗauki buta da sauri ya ce iskoki na kiransa, ba shi hanya kawai.