Jakin da Ya San Nauyin Ruwa

A zamanin da dabbobi ba su riga sun daina ba mutane shawara ba, an yi wani Sarkin Kasuwa a garin Dutsen Kirya, sunansa Jatau, mutum mai son a ga aikinsa. Da ƙorafi ya yi yawa a kan masu gawayi, sai ya sa aka sassaƙa dutse, ya kafa doka: duk buhun da bai kai nauyin dutsen a sikeli ba, mai shi ya bar kasuwa har abada.

Kafin mako kowane buhu ya kai, Jatau baki har kunne. Mutum ɗaya ne ya gaza, tsoho Cindo, wanda da gawayi kaɗai yake ciyar da iyalinsa. Buhunsa cike maƙil, amma dutse ya rinjaye shi. Aka ɗaure jakinsa a ƙofar gidan Jatau, aka ce ran kasuwa za a kori tsohon.

Da hantsi Jatau ya fito, ya baro uwargida tana mitar hayaƙi ya cinye mata ido. Sai jakin ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha biyu gawayi yana bayana. In an yarda, ina da labari."

Jatau ya ce, "To, malam jaki, muna ji."

Jaki ya ce, "Kafin Cindo, na yi bauta wurin wani Barau, a garin da ake awon gawayi da sikeli. Tsakaninmu da kasuwa akwai rafi, akwai kuma gada lafiyayyiya. Amma kullum ta cikin ruwa yake kora ni, ya tsaya tsakiya wai yana gyara ɗamara. Na shiga da buhu biyu ina tafiyata sakayau, na fito ƙafafuna na karkarwa.

"Wata rana wani maƙeri, Na'Allah, ya saya. Ya yi ta zuga har gumi ya jiƙa masa taguwa, wuta ta ƙi tashi, sai hayaƙi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, 'Barau, zauna ka ji abin da ya faru a garin kakata.

"'Can da kwando ake awo. Hakimi ya sa aka saƙa kwanduna kai ɗaya, ya ce kowa ya cika har baki. Wata mata Lantana ta ƙware wajen jera manyan gawayi a gicciye, sama tsororo, ciki kogo. Hakimi ya zo dubawa, ya ga kwandonta ya fi na kowa tudu, har ya ba ta zane. Kakata ta saya, ta girgiza kwandon sau ɗaya, ya koma rabi. Su can iska aka sayar musu, Barau. Kai kuma rafi ka sayar mini.'"

Jaki ya kaɗa kunne, ya ce, "Ranka ya daɗe, kwando ba ya girgiza kansa, dutsenka kuma ba ya jin laima. Cindo ta kan gada yake bi da ni. Laifinsa ke nan."

Jatau ya waiwaya ya ga hayaƙi na tashi daga madafin gidansa, kunya ta kama shi, don gawayin nan ƙaninsa Tambaya ne ya kawo, kuma shi ne ya fi kowa rinjayar dutse.

Ran kasuwa ya sa aka zazzage kowane buhu a tabarma, rana ta dake shi tun hantsi har la'asar, sannan aka sake awo. Na Cindo yana nan yadda yake. Sauran kuwa, wayyo! Ɗaya bayan ɗaya suka yi sama, dutse ya zauna daram. Na Tambaya ya fi kowa tashi.

Jatau ya ce, "Na ji, na karɓa. Daga yau ba a awo sai an shanya, kuma a rage dutsen ya dace da buhun Cindo." Ya dubi ƙaninsa ya ce, "Kai ne za ka riƙa shanyar, shekara guda."

Ya kwance jakin da hannunsa ya miƙa wa Cindo igiyar. Suka kama hanyar gida, ta kan gada.