Bakwai ga Watan Bawa

Ku matso. Ni dai a izu tara na jingine allo, amma labarin nan ko masu manyan rawuna a bakina suke ɗauka, sa'an nan su ce a littafi suka gani.

A zamanin da, an yi wani sarki, Barmo, wanda bai san tsoron maza ba, sai tsoron rana guda: bakwai ga watan Bawa, watan nan da ke tsakanin salla da salla. A ranar kakansa ya faɗo daga doki, wuya ya karye. A ranar, bayan shekaru, kasuwa ta ƙone ƙurmus. A ranar kuma ubansa ya kurɓi fura, bai ajiye ludayin ba. Saboda haka aka yi al'ada: in ta zagayo, ba a hura wuta, a sallami dogarai, Sarki ya kulle kansa a soro shi kaɗai, wai kada ranar ta gane inda yake. Waziri kaɗai ke kai masa fura.

Wata shekara Waziri Tanimu ya faɗi gaban Sarki, ya ce, "Zaki, taurari sun nuna bana ranar kai take nema."

 Da fada ta watse, sai Malam Jatau, tsohon da ke riƙe da kundin tarihin gari, ya ƙi tashi.

"Ranka ya daɗe, na duba kundi. Masifun nan uku, kowacce akwai mutumin gidan Waziri a kusa: wani ya ɗaura sirdi, wani ya riƙe kasuwa, wani ya dama fura."

"Malam, ka san abin da bakinka ke janyo wa wuyanka?"

"Na sani. Ga damina, hadari ya rufe sama, ba mai ganin jinjirin wata. Ka sa sankira ya yi shelar an gan shi tun kwana guda kafin ya tsaya. Zunubin a kaina. Bakwai ɗin gari za ta zama shida a wurin Allah. In an wuni lafiya, a sare ni. Amma mutuwar da ke bin shelar sankira, Zaki, ba daga sama take ba."

Haka aka yi. Ranar da gari ke kira bakwai, ko hayaƙi babu, sai ungulaye bisa ganuwa. Sarki na zaune a soro, dogarai biyu a ɓoye bayan asabari, Malam Jatau kuwa an tsare shi wurin hauni mai sare kawuna, yana jan tasbaha.

Da azahar sai ga Waziri da ƙwarya, idonsa jawur kamar mai kuka.

"Allah ya tsallakar da kai wannan rana, Zaki. Jiƙa maƙoshi."

Sarki ya daɗe yana duban furar. Ya miƙa masa ludayi.

"Bismilla, Waziri."

"Bawa ba ya riga ubangijinsa, ranka ya daɗe."

"Yau na yafe maka. Sha."

Waziri ya ja da baya. "Zaki, ranar nan ba ta da kyau ga kowa."

"Wace rana? Yau shida ga wata."

Ƙwarya ta suɓuce. Wata kaza ta shigo ta tsattsagi gari-garin geron, ta yi taku uku, ta miƙe ƙafa. Dogarai suka ɗage asabari. Kafin la'asar hauni ya saki tsoho, ya karɓi Waziri da rawaninsa.

Kashegari, bakwai ta gaskiya, Sarki ya sa aka hura wuta a kowane gida, ya fita kasuwa ba laima, ya zauna a tsakiyar rana.  Mutane suka yi ta leƙen sama har magariba.

Malam Jatau ya buɗe kundi, ya shafa wuyansa, ya tsoma alƙalami. A ƙarƙashin faɗuwar doki da gobara da fura, ya rubuta: "Bakwai ga watan Bawa, bana: an ci kasuwa, an tashi."